Takardar bango mai salon masana'anta: A gyara ginin kafin a rufe shi

A 'yan shekarun nan, da wuya mutum ya zaga shagunan aski, wuraren cin abinci na zamani ko shagunan sayar da waya a Kano, Kaduna ko Abuja bai ci karo da bango mai kama da jan bulo ba. Sai ya kai hannu ya shafa zai gane cewa takarda ce aka manna. Wata tana ɗauke da hoton tsohon bulo, wata kalar kankaren da ba a yi wa fenti ba, wata kuma kamar ƙarfen da tsatsa ta fara ci.

Yanzu adon ya baro shaguna ya shigo gidaje. Ya shiga falon matasa masu sabon aiki, ya shiga ɗakunan amare, har ma da ɗakunan baƙi na manya. Masu harkar adon gida suna kiran sa salon masana'anta, saboda yana kwaikwayon cikin tsohuwar ma'aikata, mai bango tsirara da bututu a waje da baƙin ƙarfe. Ita kuma takardar, a kasuwa an fi sanin ta da wolfefa.

Adon a karan kansa ba shi da laifi. Idan aka yi shi a inda ya dace, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Damuwar ita ce a gidaje da dama ana neman takardar ne domin a rufe aibin bango, ko danshi ne, ko tsaga, ko filastar da ke zuba. Wanda ya yi haka ya yi kitso da ƙwarƙwata, kuma abin da zai kashe nan gaba ya fi wanda ya guje wa yau.

Inda salon ya samo asali

Wannan salo ba a ofishin masu zane aka ƙirƙiro shi ba. Rashin kuɗi ne ya haife shi. A unguwar SoHo da ke birnin New York na Amurka akwai manyan gine-gine da aka yi tun ƙarni na 19 domin masaƙu, ɗinki da ajiyar kaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun suka riƙa ficewa daga tsakiyar birnin, gine-ginen suka zama kufai, kuɗin hayarsu ya faɗi.

A shekarun 1960 masu zane-zane da sassaƙa, waɗanda ke neman fili mai faɗi a kuɗi kaɗan, suka fara tarewa a ciki, duk da cewa dokar birnin ba ta amince a kwana a wuraren ba. Ba su da kuɗin filasta ko silin, don haka suka bar bulon yadda suka same shi, suka bar bututun ruwa da na wuta a fili. A 1971 hukumomin birnin suka sassauta doka domin masu zanen su zauna, a 1973 aka ayyana unguwar a matsayin wurin tarihi, a 1982 kuma jihar New York ta yi dokar da ta ba mazauna irin waɗannan gine-gine kariya.

Daga nan abin da ya fara a matsayin maneji ya zama ado na masu hali. Ko gidan adana zane-zane na Tate Modern da aka buɗe a Landan a 2000, tsohuwar tashar samar da lantarki ce aka gyara, aka bar mata kamanninta.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, ginshiƙin salon shi ne barin gini ya nuna kansa. Bangon da aka bari tsirara ba ya iya ɓoye komai. Idan yana shan ruwa za a gani, idan ya tsage za a gani. Takarda mai hoton bulo kuwa tana iya yin akasin haka: ta nuna wa ido bango mai ƙwari, alhali wanda ke bayanta yana ruɓewa.

Bangon da ke shan ruwa

Duk wanda ya zauna a gidan haya a Arewa ya san irin bangon nan da ke canza kala daga ƙasa da zarar damina ta kankama. Fenti ya kumbura, ya riƙa ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri ya fito. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, wani bangon har sanyi yake yi idan an taɓa.

Dalilan sanannu ne ga magina. Akwai ginin da ba a shimfiɗa masa abin tare danshi a tushe ba, don haka bulon yana zuƙo ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir. Akwai wanda kwata ko ruwan indararo ke dukan bayansa. Akwai wanda bututun banɗaki ya fashe a cikinsa, da wanda rufinsa ke yoyo ruwan yana gangarowa ta ciki.

Fenti, duk da rauninsa, yana tona asirin wannan matsala da wuri. Takardar bango kuwa, musamman irin mai shafen roba a samanta wadda ta fi yawa a kasuwa saboda ana iya goge ta, tana hana ruwan fita. Danshin sai ya taru tsakanin takarda da filasta, inda babu iska kuma babu haske. Gam ɗin da aka manna ta da shi, wanda galibi daga sitaci ko makamancinsa ake yi, sai ya zama abincin fumfuna.

Watanni za su wuce ɗakin yana ɗaukar ido. Alamar farko yawanci wari ce, irin na kayan da aka rufe da lema. Sai baƙaƙen ɗigo su fara bayyana a mahaɗar takardun, sai gefe ya fara ɗagowa. Ranar da aka ɓare ta, sai a tarar bayan ya yi baƙi, filastar kuma ta zama gari. Aikin da zai ci buhun siminti ɗaya da kuɗin birkila a farko, yanzu ya haɗa da asarar takardar, kuɗin mai mannawa da sake filastar bango guda.

Lafiyar masu kwana a ɗakin

Asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan ingancin iskar cikin gida, waɗanda suka keɓanta ga danshi da fumfuna. Abin da ta tabbatar shi ne mazauna gine-gine masu danshi ko fumfuna sun fi fuskantar tari, cututtukan numfashi da tashin asma.

Waɗanda suka fi daɗewa a cikin ɗaki su ne suka fi shaƙa, wato jarirai, masu jego, tsofaffi da marasa lafiya. Uwa za ta yi ta kai yaro kemis saboda tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ba tare da ta kawo a ranta cewa kyakkyawan bangon da ke bayan gado yana da hannu a ciki ba.

Sai kuma ƙwari. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takardar da gefenta ya ɗago maɓoya ce ga kyankyasai da kuɗin cizo, kuma maganin feshi ba ya kai wa gare su a can. A gidan da gara ta riga ta samu hanya, takarda da gam ƙarin abinci ne aka kawo mata.

Duhu, zafi da ƙura

Ko bangon lafiyayye ne, akwai abin dubawa. Launukan salon masana'anta masu duhu ne: toka-toka, baƙi, ja mai duhu, ruwan ƙasa. Gine-ginen da aka kwaikwayo suna iya ɗaukar wannan duhu domin rufinsu yana da tsayi sosai, tagoginsu kuma manya ne, an yi su ne don ma'aikata su ga aiki da hasken rana.

Ɗakin da aka fi samu a unguwannin Arewa bai wuce ƙafa 12 a kan 12 ba, da taga ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa katangar maƙwabci ta tare hasken. A ƙara da labule mai kauri, da gado da sif da madubi. Idan aka zagaye irin wannan ɗaki da takarda mai kalar kankare, sai ya ƙanƙance ya yi duhu, har da rana tsaka sai an kunna fitila. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farin bango yana mayar da haske, don haka ƙaramar fitila mai caji tana wadatar da ɗakin, amma bango mai duhu shanye hasken yake yi.

Yanayi ma yana da tasa rawar. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano. Irin takardar da ke zuwa da gam a jikinta ta fi saurin sakin jiki a wannan lokaci, musamman a bangon da ranar yamma ke duka. Da hunturu kuma, takardu masu gurzi-gurzi, waɗanda aka yi don su ba da kamannin bulo na gaske, suna riƙe ƙura a kowane lungu na zanen.

Batun gobara

Akwai wani nau'i da ya yaɗu saboda arha da sauƙin mannawa, wato fale-falen soso masu siffar bulo, waɗanda ake ɓare bayansu a liƙa. Roba ce, kuma roba tana narkewa ta kama da wuta. Ita ma takarda mai shafen roba, idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai shaƙe numfashi.

Wannan ya shafi yadda ake rayuwa a gidajen Hausawa kai tsaye. Kaskon turaren wuta yawanci a jikin bango ake ajiye shi. Da sanyi wasu suna shigo da rushi ɗaki. A gidajen ɗaki ɗaya, ƙaramar tukunyar gas tana kusurwa. Ga soket ɗin da aka cika wa kaya, wanda kan yi tartsatsi idan an dawo da wuta da ƙarfi. Duk shekara hukumomin kashe gobara suna jan kunnen jama'a idan hunturu ya shigo. Bai kamata a manna soso a kusa da ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma kicin ba wurinsa ba ne sam.

Ɗakin amarya da gidan haya

Wuraren da aka fi yin wannan kuskure su ne inda ake gaggawa, kuma babu gaggawar da ta kai ta biki. Ango ya kama haya saura mako biyu, dangin amarya sun zo ganin ɗaki sun tarar da bango duk tabo. Babu lokacin kiran birkila a jira filasta ta bushe, ga ranar jere ta matso. Mafita mafi sauƙi ita ce a kira mai wolfefa, a yini guda ya rufe komai.

Ranar kai amarya kowa zai yaba, a ɗauki hotuna a watsa. Damina ɗaya za ta nuna gaskiya, kuma a lokacin iyayen da suka yi ɗawainiyar kayan ɗaki ba su gama farfaɗowa ba. Bayan gado da bayan sif, inda iska ba ta zagawa, nan ne danshin ke fara cin katakon da aka sayo da tsada.

Sabon gini ma bai tsira ba. Sabuwar filasta tana ɗauke da ruwa mai yawa, kuma tana buƙatar makonni kafin ta bushe har ciki. Wanda ya manna takarda a kanta da wuri ya kulle ruwan ne a bango.

Ga ɗan haya kuma akwai rigimar ranar tashi. Ɓare takarda yakan taho da fenti da shafen da aka lailaye bangon da shi. Mai gida zai ce a mayar masa da ɗakinsa yadda ya bayar, ɗan haya zai ce ai gyara ya yi. Da an nemi izini tun farko, an ɗauki hoton bangon kafin a rufe, an kuma yi magana a gaban wakilin gidan kan wanda zai gyara danshin, da ba a kai ga sa-in-sa ba. Gyaran tushen gini da rufi nauyin mai gida ne. Ɗan hayar da ya rufe matsalar da kuɗinsa ya sauke wa mai gida nauyi, sannan ya ɗauki laifin lalacewar.

Hujjar masu son ta

Masu sayarwa da masu mannawa suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Takarda tana gamuwa a yini ɗaya, ba ta da warin fenti, kuma mai kyau a busasshen bango tana shekaru ba ta canza ba. Tana ba mai ƙaramin ƙarfi damar samun kamannin da gina shi da bulo na gaske zai fi ƙarfinsa. Ɗan haya ba shi da ikon fasa bango, amma yana da ikon ƙawata inda yake kwana. Sana'ar kuma ta samar wa matasa da yawa abin yi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa maganar ba ta hana amfani da takardar ba ce. Sharaɗin dai shi ne bangon ya kasance lafiyayye. A nan ne amanar mai mannawa take. Shi ne ke ganin bangon tsirara kafin kowa, ya kuma san abin da zai faru bayan wata shida. Wanda ya ce wa mai aiki a dakata a gyara tukuna zai iya rasa kuɗin ranar, amma shi za a sake nema. Wanda ya rufe ya karɓi kuɗinsa ya tafi, sunan sana'ar gaba ɗaya yake ɓatawa.

Yadda za a yi ba a yi asara ba

Gwajin danshi ba ya buƙatar na'ura. A yanko farar leda kamar faɗin littafi, a manna ta a ƙasan bangon da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. Idan aka ga raɓa ta taru ta cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, bangon yana shan ruwa. Gwajin ya fi faɗin gaskiya da damina. Bangon da aka duba a watan Fabrairu zai iya yaudarar kowa.

Idan an samu danshi, a bi sawunsa: a duba bayan ginin, da indararo, da bututun banɗaki, da rufi. Sai an toshe hanyar ruwan, an kankare filastar da ta mutu, an sake wata ta bushe, sannan a yi maganar ado.

Bayan haka, bango ɗaya ya isa. Wanda ke bayan talabijin ko bayan kujera, in dai ba shi ne ke jingine da banɗaki ba, shi ya fi dacewa. Sauran ukun a bar su da farin fenti ko mai haske, domin su riƙe wa ɗakin haskensa.

Lissafin ma yana goyon bayan haka. Ƙaramin naɗi, wanda 'yan kasuwa ke kira rol, faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. A ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 da tsayin ƙafa 10, bango ɗaya yana cin naɗi uku, amma zagaye ɗakin duka yana cin tara zuwa goma. Babban naɗi irin na Koriya, mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai da tsawon fiye da mita 15, guda ɗaya yana rufe bango ɗaya. Rarar kuɗin da aka samu ta hanyar tsayawa a bango ɗaya, ita ce za ta biya birkila.

Wajen saye, a tambayi irin takardar da ke barin iska ta ratsa, maimakon mai shafen roba. A kuma tabbatar lambar da ke jikin kowane naɗi iri ɗaya ce, domin zane ɗaya daga bugu daban-daban yakan bambanta a kala. Zanen bulo yana buƙatar a daidaita layi da layi, don haka a ƙara kaɗan a kan lissafi.

Na gaske yana kusa

Akwai wani abin tunani a ƙarshe. Mafi yawan waɗannan takardu daga waje ake shigo da su, daga ƙasashe irin su Sin, Koriya ta Kudu da Turkiyya, kuma farashinsu yana bin dala. Ana sayen hoton bangon masana'anta daga masana'antun wasu, a yankin da nasa suka durƙushe. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Wanda ya bi ta Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa da Bompai a Kano, zai ga tsofaffin bangaye da ƙofofin ƙarfe masu tsatsa na gaske, waɗanda ba ado ba ne ga iyalan da suka rasa abinci a dalilin rufe su.

Mai sha'awar wannan salo yana da hanyar samun sa ba tare da takarda ba. Birkilan da ya iya hannunsa zai shafe bango da siminti ya goge shi ya yi sumul, a bar shi da kalarsa. Mai walda na bakin titi zai haɗa kanta ko ƙafar tebur da baƙin ƙarfe, kafinta ya ɗora katako a kai. Wannan ya fi kusa da abin da mutanen SoHo suka yi, wato amfani da abin da ke hannu, kuma kuɗin yana zama a unguwa.

Ƙawata bango ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gidajen cikin birnin Zariya da Kano da Damagaram sun shahara da zanen da magina ke fitarwa a jikin ginin kansa, kuma an daɗe ana zuwa kallon aikin Babban Gwani Mika'ilu a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a ƙarni na 19. Waɗannan magina ba sa fara zane sai sun gama da yaɓe, kuma duk shekara ana bin bango a gyara inda ruwa ya ci kafin damina ta dawo.

Wannan tsari bai tsufa ba. Ko da makuba za a yi ado, ko da fenti, ko da takardar da aka yi a Sin, gyaran bango ne farko. Magidancin da ke shirin kiran mai wolfefa a wannan mako, ya fara kiran birkila ya duba masa bangon.